Digirin nazarin laifuka ta intanet: wa ya tantance mai tantancewar?

Kana ta latse-latsen waya sai ga talla: digiri na biyu a fannin laifuka da shari'a daga wata jami'ar Amurka, kana zaune a ɗakinka, cikin wata shida kacal. Dakata. Kafin ka tura ko sisi, zo mu duba tare.

A Amurka ba gwamnati ce ke tantance jami'o'i da kanta ba. Aikin wasu hukumomi ne masu zaman kansu, irin su Higher Learning Commission da Middle States, su kuma sai Ma'aikatar Ilimi ko CHEA, ƙungiya mai zaman kanta da ke sa ido kan masu tantancewar, ta amince da su. To ta nan 'yan damfara ke shigowa. Su kafa jami'ar bogi, su ƙirƙiro hukumar tantancewa ta bogi, sannan su liƙa tambarinta mai ruwan zinare a shafinsu. Haka kamfanin Axact na Pakistan ya yi ta sayar da takardu, har jaridar New York Times ta tona masa asiri a 2015. Don haka kada tambari ya ruɗe ka. Kwafi sunan jami'ar, ka shiga rumbun bayanan CHEA, ka nema. In bai fito ba, rufe shafin.

Idan ya fito, sai ka leƙa jerin darussan. Digirin ƙwarai yakan kai kiredit (ma'aunin nauyin darussa) 30 zuwa 36, kuma da wuya a rasa darasin hanyoyin bincike da na ƙididdiga a ciki. Ɗalibai ba sa ƙaunar waɗannan biyun, na sani, amma su ne ke koya maka karanta alƙaluman laifuka ba tare da wani ya yi maka rufa-ido ba. Duba sunayen malaman kuma. Jami'o'i irin su Cincinnati da Michigan State da Kwalejin John Jay ta New York suna da malamai masu bincike da za ka iya bin diddigin ayyukansu.

Ga abin da mai talla ba zai faɗa maka ba. Dokar da za a karantar da kai ta Amurka ce: gargaɗin Miranda (sanar da wanda aka kama haƙƙoƙinsa, kamar na yin shiru), shari'ar masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, tsarin gidajen yarinsu. Ɗan sanda a Kano da Penal Code, kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, yake aiki. Ilimin zai buɗe maka ido, amma ba zai mai da kai lauya ba.

In kuma ƙarin girma kake nema a wurin aiki a Najeriya, tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko za ta karɓi takardar. Ka tuna a Janairun 2024 aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo nasa daga Kwatano cikin mako shida. Ka kuma kwatanta kuɗin da na NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, wadda ke da kwas ɗin nazarin laifuka da tsaro, kuma da naira ake biya.