Takardar Ma'aikacin Jirgi Sai Da Doka A Bayanta

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ke yawo a majalisun Bur Sudan da Sawakin, garuruwan tashar jiragen ruwa na Sudan, har a bakin 'yan'uwanmu na Jidda, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Wai takardun horon da ake nema wurin mai aikin jirgin ruwa ƙaƙale ne na Turawa, wai kakanninmu sun ƙetare Bahar Maliya a jiragen katako ba tare da takardar kowa ba. E, sun ƙetare. Amma jirgin da ke kwasar alhazai da motoci da dubban tumaki daga Sawakin zuwa Jidda a yau ba na katako ba ne, mai faɗin haka kuma ya sani.

Yarjejeniyar STCW kan horar da ma'aikatan jirgin ruwa da ba su takardar shaida, wadda hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya ta zartar a Landan a 1978, ta fara aiki a 1984, aka yi mata garambawul a 1995, aka sake a Manila a 2010. Me ta nema? Kafin mutum ya hau jirgi aiki, ya iya kashe gobara, ya iya sauke kwale-kwalen ceto, ya iya taimakon gaggawa, likita ya duba idonsa da kunnensa. Bayan shekara biyar ya koma a sake gwada shi. Ya samu hutun awa 10 cikin kowace 24. Don Allah, wanne ne ƙaƙale a nan?

Ku tuna Fabrairun 2006. Jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, wuta ta tashi, aka yi ta kwarara mata ruwa, ruwan ya taru a ɗakin motoci bai samu hanyar fita ba, jirgi ya karkata ya kife. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu masu neman abinci ne da ke komawa gida, da alhazai.

To, ga inda ake yaudarar kai. Sa hannu a yarjejeniya ba ya kama ɓarawo. Sai dokar ƙasa ta fayyace wace makaranta ce aka yarda ta horar, wane ne zai yi jarrabawa, wane hukunci ne a kan mai buga takardar jabu. In babu wannan, yaro ya sayar da filin gado, ya kai wa dillali kuɗi, a miƙo masa takarda mai hatimi har uku. Ranar da jirgi ya tsaya a wata tasha, sufeto ya duba lambar a kwamfuta bai ganta ba, a sauke shi da jakarsa. Dillali kuwa yana nan yana shan shayinsa. Haba!

Sai da doka. Kamfanin jirgi ba ya duba kyan hatimi, ƙasar da ta buga shi yake dubawa, ko tana cikin jerin waɗanda hukumar ta tabbatar suna aiwatar da yarjejeniyar. In dokokin ƙasashen gaɓar Bahar Maliya suka saɓa da juna, 'ya'yanmu su ƙare a dako bakin tasha, baƙi su riƙe sitiyari da ɗakin inji.

Wasu za su ce yaƙi ake yi a Sudan, ba lokacin wannan magana ba ne. Tun Afrilun 2023 Bur Sudan ce ƙofar ƙasar, kuma da jiragen ruwa aka kwashe dubban mutane zuwa Jidda. Ko gwamnati na da kuɗin gina sabuwar makaranta yanzu, ina shakka. Amma daidaita doka, da buga sunayen makarantun da aka amince da su, da buɗe rajistar da kowane kamfani zai iya bincika sahihancin takarda, waɗannan ba sa jiran ƙarshen yaƙi. Hukumomin tashar jiragen ruwa, muna sauraronku.