Bututun Gas Da Ya Ratsa Kaduna: Wa Ke Da Iko Da Shi Idan Ya Ƙetare Iyaka?

Jama'a, assalamu alaikum. Batunmu shi ne bututun gas na AKK, wato Ajaokuta-Kaduna-Kano. Ya taso daga Ajaokuta a jihar Kogi, ya biyo ta Abuja, ya ratsa Kaduna, ya nufi Kano. Tsawonsa kilomita 614, faɗinsa inci 40, kuma marigayi Muhammadu Buhari ne ya ƙaddamar da aikin a watan Yunin 2020. Muddin gas yana tafiya tsakanin Ajaokuta da Kano, mai gida ɗaya ne. Dokar man fetur ta 2021 ce ke aiki, hukumar NMDPRA, mai kula da dako da rarraba man fetur da gas a Najeriya, ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke sa ido kan kuɗin dakon gas da kan wanda zai shiga layin.

Sai dai Kano ba ita ce ƙarshen shirin ba. Ana so a zarce da bututun ya shiga Nijar, ya keta Sahara har zuwa Hassi R'Mel a Aljeriya, inda bututan da ke kai gas Turai suke. Tsawon wannan babban layi kilomita 4,128 ne a tsari, kuma zai ɗauki kubik mita biliyan 30 a shekara. Tun 2009 ƙasashen uku, wato Najeriya da Nijar da Aljeriya, suka sa hannu kan yarjejeniyar aikin a Abuja. Da gas ya tsallaka iyaka, ikon NMDPRA ya ƙare. Nijar ba ita ta haƙo shi ba, ba kuma ita ce babbar mai saye ba, amma fiye da kilomita 800 na bututun a ƙasarta zai kwanta. Tamkar burtali ne da ya bi ta tsakiyar gonakin wasu: shanun ba na mai gona ba ne, amma in ba a daidaita da shi ba, garke ba zai wuce lafiya ba.

Takardu hawa uku ake yi kafin a binne bututu ko ɗaya. Ta sama ita ce yarjejeniyar gwamnatoci, wadda kowace ƙasa za ta mayar doka a gida. A nan ƙasar da ake ratsawa take alkawarin ba za ta rufe bawul, wato makunnin bututun, ba, ba za ta ɗebi abin da ba nata ba, ko da an sami saɓani. Ta tsakiya tana tsakanin gwamnati da kamfanin bututu: fili, diyya, haraji, tsaro. Ta ƙasa kuma cinikin 'yan kasuwa ce, wato kwangilar sayar da gas da kwangilar dakonsa. A cikinsu akwai sharaɗin da ke ba sabon shiga mamaki: wanda ya kama gurbi a bututu zai biya kuɗin gurbin ko ya aiko da gas ko bai aiko ba. Ba zalunci ba ne. Banki ba ya ba da bashin biliyoyin daloli sai ya ga kuɗin shiga tabbatacce na shekara 15 ko 20.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Bututun Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, yana ɗaukar gas daga Najeriya zuwa Benin da Togo da Ghana, akasarinsa ta ƙarƙashin teku. Ƙasashen huɗu sun sa hannu a 2003, suka yi dabara mai kyau: maimakon hukumomi huɗu kowace da dokarta, sai suka kafa hukuma ɗaya, WAGPA, mai hedikwata a Abuja, kamfanin WAPCo kuma yana tafiyar da bututun daga Accra. Harajin ma ɗaya ne, ana raba shi gwargwadon tsawon bututun da ke yankin kowace ƙasa da yawan gurbin da aka kama dominta.

To, me ƙasar da aka ratsa take samu? Kuɗin fito, ko a kuɗi ko a gas. Tunisiya tana karɓar kashi 5.25 cikin 100 na gas ɗin Aljeriya da ke bi ta cikinta zuwa Italiya. Maroko ta riƙa karɓar kusan kashi 7 cikin 100 na wanda ke tafiya Sifaniya. Ku lissafa da kanku: kashi 5 cikin 100 na biliyan 30 shi ne kubik mita biliyan 1.5 a shekara. Ga ƙasa irin Nijar da ke fama da ƙarancin lantarki, karɓar gas ya fi karɓar takardar kuɗi amfani, amma sai in ta tanadi tashar da za ta ƙona shi. Kuma a ra'ayinmu wannan ya fi kare bututun: ƙasar da fitilunta ke ci daga layin ba za ta yi saurin rufe shi ba.

Yanzu mu tsaya a bakin iyaka, don nan ne rigima take fara tsiro. A wurin miƙa gas ana gina tashar awo. Galibi na'urori masu auna gudun gas da sautin da kunne ba ya ji ake sawa, biyu a jere, ɗaya tana duba 'yar uwarta. Gas yana matsewa yana kuma buɗewa, saboda haka adadin da na'ura ta karanta ba ya da ma'ana sai an mayar da shi kan matsi da zafi da aka amince da su tun farko. Nan ma akwai tarko: wasu ƙasashe suna lissafi a kan digiri 15, wasu a kan digiri 20, wasu a kan sifili. Gas ɗaya, lamba uku. Bayan haka, ba girma ake saya ba, ƙarfin wuta ake saya. Akwai na'urar da ke ɗibar samfuri kowane 'yan mintuna tana tantance abin da ke cikin gas ɗin, daga nan a fitar da zafin da zai bayar.

Kuskuren rabin kashi ɗaya cikin 100 kamar ba komai ba ne. A layin biliyan 30, kubik mita miliyan 150 ke nan a shekara. Shi ya sa ake rufe na'urorin da hatimi, ba a taɓa su sai wakilan ɓangarorin biyu suna tsaye, kuma kwangila tana faɗin bayan wata nawa za a sake gwada su, da yadda za a gyara lissafin baya idan aka tarar sun karkace.

Akwai kuma gas ɗin da ba zai taɓa isa ɗaya ƙarshen ba. Matsi yana raguwa a hanya, don haka ake kafa injinan tura gas kusan kowane kilomita 100 zuwa 200, kuma daga cikin bututun suke shan abin da suke ƙonawa. Wa zai biya wannan? Idan ba a rubuta ba, mai aikowa zai ce an yi masa sata, mai hanya zai ce injina ne suka sha. Wannan gardama tana cikin abin da ya hura rikicin Rasha da Yukiren a Janairun 2009, lokacin da gas ɗin Rasha da ke bi ta Yukiren zuwa Turai ya yanke kusan mako biyu, ƙasashe irin su Bulgeriya suka kwana cikin sanyi.

Inganci ma abin dubawa ne. Idan gas ya zo da laima, to a tashar rage matsi zai yi sanyi ƙwarai, kusan rabin digiri a kan kowane bar ɗaya (ma'aunin matsi) da aka sauke. A sauke daga bar 70 zuwa 20, zafi ya faɗi da wajen digiri 25. Ruwan sai ya haɗu da gas ya daskare kamar ƙanƙara, ya toshe bawul. Laima tare da sinadarin farar wuta kuma tana cin ƙarfe daga ciki. Saboda haka mai karɓa yana da ikon ƙin gas ɗin da bai cika ƙa'ida ba.

Abin da ke tsayar da bututu sau da yawa ba ƙarfe ba ne. A Agustan 2012 anga ta wani jirgin ruwa ta fasa bututun Afirka ta Yamma a gaɓar Lome, ya yi kusan shekara ba ya aiki, Ghana ta shiga duhu. Wannan hatsari ne, ana gyarawa. Bashi ya fi shi naci: a 2015 kamfanin da ke sayar wa Ghana gas ya yi barazanar yankewa saboda kuɗin da aka kasa biya, dalilin da ya sa masu sayarwa ke neman takardar lamunin banki kafin su buɗe layi. Siyasa kuwa ta fi duka. Aljeriya ta yanke hulɗa da Maroko a Agustan 2021, kwangilar gas ɗin da ke bi ta Maroko zuwa Sifaniya ta ƙare ranar 31 ga Oktoba, ba a sabunta ba, gas ya tsaya. Mu nan ma mun gani: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, a 2024 kuma Benin ta hana lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme. Ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ke nan ba za a jingina da inuwar ƙungiyar ba. Dole yarjejeniyar bututun ta tsaya da ƙafarta, ta ambaci kotun sasanci a wata ƙasa daban, ta kuma ce gas zai ci gaba da gudu yayin da ake shari'a.

Ga inda abin ya shafi Kaduna kai tsaye. Layin da zai kai gas Turai shi ne dai layin da ake sa ran zai tayar da masaƙun Kakuri da tashar lantarki ta Kudenda. Kowace rana masu gas suna sanar da adadin da za su zuba da wanda za su ɗiba. Ranar da aka fasa bututu a Neja Delta matsi ya faɗi, sai an rage wa wani. Mai gurbin dindindin ake fara ba, mai gurbin da ake iya katsewa shi ake fara yankewa. Dokar 2021 ta wajabta wa masu haƙo gas su ware kason cikin gida, amma kaso a takarda ba gurbi ba ne a bututu. Masana'antar Kaduna da ba ta kama gurbin dindindin ba, ko ta hannun dillalin gas ne, za ta iya ganin gas yana wucewa ta bayan katangarta zuwa Aljeriya, ita kuwa tana sayen dizal.