Mujallar da ke nuna bidiyo: me ke cikin shafin nan?

Wannan bidiyon na mutumin da ya buɗe mujalla sai ga hoto na motsi har da murya, an turo min shi ya fi a ƙirga. Wasu sun ce siddabarun Bature ne, wasu sun ce haɗin kwamfuta ne. To, abin gaske ne, kuma ya kwana biyu.

A watan Satumbar 2009 mujallar Entertainment Weekly ta Amurka ta fito da tallan tashar talabijin ta CBS da lemon Pepsi Max. Kana buɗe shafin, bidiyo zai kama wasa. Kamfanin Americhip ne ya ƙera, kuma wasu daga cikin masu karɓar mujallar a New York da Los Angeles kaɗai suka samu.

Yawwa, mu ɗan tsaya a nan, don nan ne ake ruɗewa. Mutane na ɗauka takardar ce ke nuna bidiyon, wai an ƙirƙiro wata tawada mai motsi. Ina! Dubi kaurin shafin da kyau. Kwali ne ninki biyu aka manne, aka yanke masa ’yar taga. Bayan tagar akwai ɗan allo irin na tsohuwar wayar hannu, kaurinsa milimita 2.7. Ga batir, ga ’yar lasifika, ga ma’adanar da ke ɗaukar bidiyon kusan minti 40. Buɗe shafin shi ne kunnawa, kamar katin gaisuwar nan mai kiɗa da ake sayarwa a kanti. Takarda dai riga ce kawai aka sa wa na’ura.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 2012. Mujallar ta sake fitowa da irin wannan talla, wannan karon na tashar talabijin ta CW, allon na nuna saƙonnin Twitter kai tsaye. ’Yan jaridar Mashable, wani shafin labarai na intanet, suka farke kwalin. Me za su gani? Waya ce sukutum mai Android, har da layinta a ciki. Kwafi 1,000 kacal aka yi.

Kun ga inda gizo ke saƙar? Injin ɗab’i, yawan abin da ka buga shi ke karya maka farashin kowane kwafi. Amma nan kowane kwafi sai an saya masa allonsa da batirinsa, a harhaɗa daban, a manna. Shi ya sa mai talla ne ke biya, kuma kaɗan yake yi don a yi ta zancen abin.

Sauran labarin gajere ne. iPad ya fito a 2010, waya mai babban allo ta shiga aljihun kowa, Entertainment Weekly kanta ta daina fitowa a takarda a 2022. Yau mai talla zai buga lambar QR, ka haska da wayarka, bidiyon ya buɗe da datarka. A ganina allon cikin kwali zai tsaya ne a ƙasidun manyan kamfanoni da katunan gayyatar masu hannu da shuni.

Ni matsalata ɗaya da ita. Tsohuwar mujalla ko ba komai mai tsire zai naɗe maka nama a ciki. Wannan kuwa, da batir a tsakiya, wa zai kai ta kusa da wuta?