Marar huda: ma'anar kalmar da yadda ake amfani da ita

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi waɗannan allurai guda biyu da ke kan tebur. Ta hannun dama allurar tela ce, kuma idan kuka lura da gindinta za ku ga 'yar kafar da ake zura zare a cikinta. Ta hannun hagu kuwa lanƙwasasshiyar allura ce irin wadda likitocin tiyata suke ɗinke rauni da ita, kuma duk yadda kuka jujjuya ta ba za ku ga kafa a jikinta ba, domin tun a masana'anta aka cusa bakin zaren a gindinta aka matse shi. Idan tela ya sayi allura ya tarar ba ta da kafa, zai ce an sayar masa da kayan banza, kuma yana da gaskiya. Shi kuwa likita irin wannan yake nema, saboda allura mai kafa tana jan zare ninki biyu ta cikin nama, ta bar rauni mafi faɗi fiye da yadda ake buƙata. Bayaninmu na yau yana kan kalmar da Hausa take siffanta irin wannan abu da ita, wato "marar huda", tare da 'yan uwanta da ake yawan musanya ta da su.

Kalmar tana da sassa biyu. Sashe na farko, wato "marar", ya samo asali ne daga aikatau "rasa", kamar yadda "maɗinki" ya fito daga "ɗinka". Cikakkiyar siffarsa ita ce "marashi" ga namiji da "marashiya" ga mace, sai aka gajarta ta saboda yawan amfani, shi ya sa za ku ji wani ya ce "mara huda", wani "maras huda", wani kuma "marar huda", duka da ma'ana ɗaya. Jam'insu shi ne "marasa huda", kishiyarsu kuma ita ce "mai huda" da "masu huda". Wannan sashe ba shi da wata wahala.

Inda aikin yake shi ne sashe na biyu, domin Hausa ba ta yarda mai magana ya ce abu ba shi da rami haka kawai ba tare da ya fayyace wane irin rami yake nufi ba. Wasu harsuna suna da kalma guda da ta haɗa duk wani buɗaɗɗen wuri a jikin abu, amma Hausa ta rarraba su. "Rami" shi ne wanda ya nutsa ciki yake da ƙasa, wato wanda idan ka jefa tsakuwa a ciki za ta tsaya, kamar ramin da ke kan titi ko wanda ɓera ya haƙa. "Huda" ko "huji" ita ce wadda ta ratsa abu daga wannan gefe ta ɓulla ta wancan, kamar hujin kunne ko na maɓallin riga. "Ɓula" tana kusa da huda, sai dai an fi jin ta a wurin da ɓarna ta auku, kamar a ce bokiti ya ɓule ko aljihu ya ɓule. "Kafa" 'yar ƙaramar hanya ce da wani abu zai iya bi, kamar kafar allura da kafar hanci. Sai kuma "kogo", wanda fanko ne a cikin abu, irin na bishiya ko dutse ko ruɓaɓɓen haƙori. Saboda haka titi mai kyau shi ne marar ramuka, kuma babu wanda zai kira shi marar huji; bokiti lafiyayye shi ne wanda bai ɓule ba; itacen da kafinta yake so ya yi katako da shi kuwa shi ne marar kogo. A ganina wannan rarrabewa wadata ce a harshe, kuma abin takaici ne yadda wasu masu fassara suke tattara su duka su kira su "rami" saboda ita ce kalmar da ta fara zuwa musu.

Ku ɗauki kofi a hannunku ku gwada. Kofi marar mariƙi yana da zurfi wanda yake riƙe ruwa, amma ba shi da huda, domin da yana da ita da ruwan ya tsiyaye. Da zarar an sa masa mariƙin da ake zura yatsa a ciki, to ya samu huda guda ɗaya, duk da cewa har yanzu ba ya yoyo. Abin sha'awa shi ne, akwai wani reshe na ilimin lissafi da ake kira tofoloji, wanda yake nazarin siffofin da ba sa canzawa idan aka miƙar da abu ko aka lanƙwasa shi ba tare da an yaga shi ko an liƙe wasu sassansa ba, kuma masana wannan fanni a kan irin wannan bambanci suka tsaya. A lissafinsu, faranti da kwano da dunƙulallen ƙwallo duk jinsi ɗaya ne, domin da a ce da ɗanyen yumɓu aka yi su, ana iya mulmula kowanne ya koma siffar ɗan uwansa, kuma dukansu marasa huda ne. Zobe da kofi mai mariƙi su ma jinsi ɗaya ne, kowanne huda ɗaya gare shi. Bututu yana da baki biyu, amma hudarsa ɗaya ce, tun da idan aka yi ta gajarta shi zobe zai zama. Wato abin da mai jin Hausa yake yi a baki kullum, lokacin da ya raba rami da huda, shi ne abin da masanin lissafi yake yi a kan allo.

Akwai wani tuntuɓe da ake yi a rubuce wanda ya kamata a ambata. "Kafa" da "ƙafa" kalmomi ne daban, ƙugiyar da ke kan harafin farko ce kaɗai ta raba su a takarda. Wanda ya rubuta "tebur marar kafa" a wayar da ba ta da harafin ƙ, mai karatu zai gane ƙafa yake nufi saboda tebur ne, amma idan aka rubuta "maɓalli marar kafa", sai a rasa gane ko ƙofofin zare ne babu, ko kuwa ɗan madaurin da ke bayansa ne ya karye. A irin wannan wuri gara a ce "marar huji", magana ta fita sarai.

Bayan an zaɓi irin ramin da ake nufi, sai wata tambaya ta biyo baya, wadda ita ce ta fi muhimmanci a amfani na yau da kullum: shin abin tun asali ba a yi shi da huda ba ne, ko ana jiran a huda shi, ko kuwa yana da ita sai ta rufe? Kowanne yana da yadda ake faɗarsa. Bulon da aka buga shi dunƙule ba tare da ramuka a tsakiyarsa ba, shi ne marar rami, kuma haka aka nufa ya kasance, shi ya sa magina suke sa shi a inda ake son ɗaukar nauyi. Dutsen ado ko lu'ulu'un da bai riga ya shiga hannun mai huji ba, ana cewa "ba a huda shi ba", kuma wannan furuci yana ɗauke da tsammanin cewa za a huda shi nan gaba. Bututun da datti ya cika shi kuwa cewa ake yi "ya toshe", kuma kuskure ne a kira shi marar huda, domin hudar tana nan, hanyar ce ta cushe. Mai gyaran famfo da aka gaya wa cewa bututu ya toshe zai zo da abin zurawa ya fitar da dattin, amma da za a ce masa bututun ba shi da huda, sai ya ɗauka sandar ƙarfe aka sayo bisa kuskure.

Tarihin kan sarki, wato 'yar takardar da ake liƙa wa wasiƙa, ya nuna yadda sunan rashin abu yake bayyana ne bayan abin ya samu. Kan sarki na farko a duniya, wanda aka sani da Penny Black, ya fito a Birtaniya a shekarar 1840 da hoton Sarauniya Victoria a jikinsa. Ana buga guda 240 a kan falle ɗaya, kuma babu layin huji a tsakaninsu, sai dai ma'aikacin gidan waya ya sa almakashi ya yanka, wani lokaci ya yanke gefen hoton saboda sauri. A wancan lokaci babu wanda ya kira su marasa huji, tun da ba a san wani iri daban ba. Sai da wani mutumin ƙasar Ireland mai suna Henry Archer ya ƙera na'urar da take jera ƙananan huji a tsakanin kan sarki, aka fara fitar da masu huji ga jama'a a shekarar 1854, sannan masu tara tsofaffin kan sarki suka buƙaci sunan da za su bambanta na dā da shi. Turanci ya yi amfani da kalmar "imperforate", wadda tushenta na Latin yake nufin abin da ba a huda ba, kuma har yau masu wannan sha'awa suna fifita wanda almakashi ya bar masa fili a dukkan gefuna huɗu.

Wannan kalma ta Turanci ita ce kuma likitoci suke rubutawa a wani yanayi da ya fi kan sarki nauyi nesa ba kusa ba. Kusan jariri ɗaya a cikin kowane 5,000 ana haihuwarsa ba tare da mafitar bayan gida ba, ko kuma mafitar ta kasance a inda bai kamata ba. A Hausa akan ce an haife shi duburarsa "a shafe", kuma wannan furuci ya fi "a toshe" daidai, domin wanda ya ji "toshe" zai iya zaton wani abu ne ya tsaya a hanya wanda magani ko tsarkakewa zai fitar, alhali hanyar ce ba ta kammala buɗewa ba tun jaririn yana ciki. Gyaran wannan matsala aikin likitan tiyata ne, kuma jinkiri yana da haɗari, shi ya sa ma'aikatan jinya suke duba jariri da zarar an haife shi, suke kuma tambaya ko ya yi baƙin kashinsa na farko a cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Akwai makamancin haka a wasu 'yan mata, inda tantanin da ke bakin gaba yake kasancewa ba shi da kafa ko kaɗan, sai jinin al'ada ya riƙa taruwa a ciki, yarinya ta yi ta fama da ciwon mara wata-wata ba tare da an ga jini ba, kuma ƙaramar tiyata ce take warware shi. A nan zaɓen kalma ya wuce ƙawata zance, domin iyayen da aka yi wa bayani da kalmar da ta dace sun fi saurin fahimtar cewa asibiti za su nufa.

A maganar hikima ma waɗannan kalmomi suna aiki, kuma galibi "kafa" ce take ɗaukar nauyin. Ana cewa an toshe duk wata kafa ta ɓarna, ko a ce wane bai bar wata kafa da za a zarge shi ba, kamar yadda "kafofin watsa labarai" suke nufin hanyoyin da labari yake bi ya isa ga jama'a. Idan tsakanin mutane ne ya lalace, "ɓaraka" ake cewa, kuma ɗinke ta ake yi. Karin maganar nan da ke cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga ta ƙaro mana wata kalmar, wato "tsaga", wadda ba rami ba ce ba kuma huda ba, amma ita ma tana hana a kira bango lafiyayye.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne iyakar ido. Sau da yawa idan muka ce abu marar huda ne, abin da muke nufi shi ne ba mu ga huda a jikinsa ba. Ɓawon ƙwan kaza yana da santsi kamar an shafe shi, amma yana ɗauke da ƙananan kafofi fiye da 7,000, kuma ta nan ne iska take shiga ɗan tsako ya samu abin shaƙa kafin a ƙyanƙyashe shi. Tukunyar yumɓu da ba a shafa mata ƙyalli ba tana riƙe ruwa ba ta yoyo, duk da haka za ku ga jikinta yana naso, domin ruwa yana ratsa kafofin da ido ba ya gani ya fito waje, kuma bushewarsa a iska ita take sanyaya wanda ya rage a ciki. Idan aka shafe ta da ƙyalli aka gasa, nason zai tsaya, sanyin ma zai tafi tare da shi. Don haka idan ana maganar kayan da ruwa ko iska ba ya ratsa su, kamar gilashi ko ƙarfe, ya fi kyau a faɗi hakan kai tsaye, a ce "ruwa ba ya ratsa shi", maimakon a tsaya a kan "marar huda" kaɗai.

A wuraren da rai ya dogara ga wannan siffa, ba a barin ido ya yanke hukunci. Masana'antun da suke yin safar hannu ta likitoci sukan zari wasu daga cikin kowane rukuni da suka ƙera, su rataye kowacce a bakin bututu, su zuba mata ruwa lita 1, sannan su tsaya suna duba tsakanin yatsu da tafin hannu na 'yan mintoci. Idan ɗigo ɗaya ya tsattsafo, an lissafa wannan safa a cikin masu huji, kuma idan irinta suka wuce adadin da aka ƙayyade, rukunin gaba ɗaya ba zai fita daga masana'anta ba.