Bonampak: ɗakuna uku a tsakiyar kurmi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hakin da nake yi, yanzu na hawo matakalar dutsen nan. Ina Bonampak, kufan wani tsohon birnin al'ummar Mayawa, a jihar Chiyapas ta kudancin Meksiko, kusa da iyakar Gwatemala. Mutanen Lakandon, jikokin Mayawa, su suka shigo da mu a motarsu, kuma kakanninsu ne suka nuna wa wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Giles Healey, wannan gini a 1946.

Ga shi nan, ɗan ƙarami, ƙofa uku. Ku dubi rufin: ba baka irin ta soro ba ce, duwatsu aka jera, kowane layi ya ɗan zarce na ƙasa har suka haɗe a sama.

An hana kunna fitilar kyamara, don haka ku matso da ido. Wajen shekara ta 790 aka yi zanen nan da ya cika bangon ɗakunan uku, zamanin sarki Chan Muwan. A ɗakin farko biki ake: masu busa ƙaho, mai ganga, masu kaɗa ƙoƙon kunkuru, fadawa cikin fararen mayafai. Shuɗin da ke bayansu fa, da baba aka haɗa shi da wani irin yumɓu. Ina ganinsa na tuna marinar Ƙofar Mata. Ruwan sama da ya riƙa tsattsafowa ta rufi ne ya bar wani siririn ɓawon farar ƙasa a kan bangon, shi ya tsare launin.

Ɗaki na biyu ne ya sa jikina ya yi sanyi. Yaƙi ne, sannan hukunci. Sarki na tsaye da mashi, sanye da fatar damisa. A ƙasansa fursunoni zaune kan matakala, jini na ɗiga daga yatsunsu. Ɗaya ya ɗaga hannu yana duban sarki, roƙo yake. Wanda ya zana wannan mutum bai raina shi ba, wallahi, ya ba shi fuska irin ta ɗan'adam.

A na uku, matan fada suna huda harshensu don zubar da jinin ibada.

Mai gadi yana yi mini alama, wasu na jira a waje. Mu sauka fili in nuna muku dogon dutsen da aka sassaƙa sarkin a jikinsa.