Amsoshin Tambayoyinku: An ɗage takunkumi, me ya hana farashin abinci sauka a Nijar?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. A wannan makon na ƙarshen Yulin 2024 jakar wasiƙunmu ta cika da batu guda, wato Jamhuriyar Nijar, shekara ɗaya bayan da dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Lokacinmu kaɗan ne, saboda haka wanda ya ji an gajarta masa amsa ya yi haƙuri.

Wani ɗalibi daga Gusau yana tambaya: wannan ne juyin mulki na nawa a Nijar? Na biyar ne da ya yi nasara, ɗan samari. Seyni Kountché a 1974, Ibrahim Baré Maïnassara a 1996, Daouda Malam Wanké a 1999, Salou Djibo a 2010, sai wannan. Ka rubuta ka ajiye, kada gobe ka ce ba a faɗa maka ba.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta ce ina Bazoum yake? Hajiya, yana tsare a fadar shugaban ƙasa a Yamai tare da mai ɗakinsa Hadiza. An saki ɗansu Salem a watan Janairu, kuma a watan Yunin da ya wuce kotu ta cire wa Bazoum rigar kariya, abin da ya buɗe hanyar gurfanar da shi.

Sai tambayar da ta fi kowacce yawa. Ta zo daga Maraɗi, ta zo daga Ƙonni, daga Damagaram, har da Illela da Jibiya a ɓangaren Najeriya. Zan karanta ta wata malamar makaranta daga Tawa, don ita ta fi tattara zancen. Ta ce: "An ce mana ECOWAS ta ɗage takunkumi tun watan Fabrairu. To me ya sa har yau shinkafa da mai da gero ba su sauko ba? Albashina yana nan yadda yake, kuɗin cefane kuwa kullum gaba yake yi." Malama, sannu da ƙoƙari. Muna tare da wani malamin jami'a masanin tattalin arziki. Dakta, barka da zuwa, ga tambayar Malama.

Dakta: Barka kadai. To, ai in za a fahimci wannan abu sai an koma baya, a dubi yadda Allah ya ajiye Nijar. Ƙasa ce mai faɗin gaske amma ba ta da teku. Turawan mulkin mallaka ba su shimfiɗa mata layin dogo zuwa gaɓar ruwa ba; layin da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya. Sannan ga kuɗin sefa da ke ɗaure da yuro, wanda shi kansa dogon zance ne, don tun daga faɗuwar darajarsa a 1994...

Dakta, a gafarce ni, agogo na kallonmu. Malama buhun shinkafa take tambaya.

Dakta: Haka ne, can na nufa. Kafin juyin mulki, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Kwatano a Benin suke sauka, motoci su ɗauko su zuwa Malanville da ke bakin iyaka, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya, daga nan Doso, daga nan Yamai ko gabas. Ranar 30 ga Yulin 2023 ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe iyakokinta da Nijar saboda juyin mulkin, wannan hanya ta mutu. Da aka ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun bana, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta bar nata a rufe. Hukumomin Yamai suna zargin akwai sansanonin sojan Faransa a Benin da ake shirya musu makirci, Benin ta musanta. Saboda haka kaya suka koma tashar Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera. Hanyar ta fi nisa, kuma yankin 'yan bindiga ne, dole motoci su taru su yi ayari su jira rakiyar sojoji. Direban da ya kwana makonni a hanya, abincinsa da kuɗin hayar motar da haɗarin da ya shiga, duk a kan buhun ake ɗora su.

To Dakta, bari in maimaita don wanda bai ji da kyau ba. Takunkumin ECOWAS an ɗage shi, wannan gaskiya ne. Iyakar Najeriya ma an buɗe ta a watan Maris. Amma gadar Gaya da Malanville, wadda ita ce babbar ƙofar shigowar kaya, har yanzu manyan motoci ba sa wucewa ta kanta. Mutane na ƙetarewa a kwale-kwale da 'yan ƙullinsu, amma kwale-kwale ba zai ciyar da ƙasa mai mutum fiye da miliyan 25 ba. Malama, kin ji dalili na farko: shinkafarki tana zagaye ne kafin ta iso Tawa, kuma ke kike biyan kuɗin zagayen. Dakta, shinkafa daga waje take zuwa, mun ji. Gero fa, da ake nomawa a gida?

Dakta: Gero lokacinsa ne. Yanzu tsakiyar damina muke, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kowace shekara a wannan tsakanin yake tashi. Sai dai bana abubuwa sun haɗu. Wanda shinkafa ta fi ƙarfinsa ya koma kan gero da masara, buƙata ta ƙaru. A yankin Tilaberi akwai ƙauyukan da tashin hankali ya hana su noma. Najeriya kuma, wadda a da ake cike giɓi da hatsinta daga kasuwanni irin su Dawanau, ita ma tana fama da nata tsadar, har jami'an kwastan suka riƙa tare motocin hatsi a kan iyaka a farkon shekarar nan. Kuma in ka duba tarihin kasuwancin Kano da Katsina da Maraɗi, tun zamanin fatake...

Mun gode, Dakta, za mu ware wa fatake rana tasu. Ni dai ga ra'ayina, kuma nawa ne ba na gidan rediyo ba. Rufe iyakar da aka yi bara bai taɓa janar ko shugaban ƙasa ko ɗaya ba. Wanda ya ji jiki shi ne mai albasar da ta ruɓe a mota a Illela, da majinyacin da maganinsa ya maƙale a Malanville, da mai walda a Yamai da ya zauna ba aiki lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta. Kuskure ne, na faɗa a lokacin, ina kuma faɗa yau. Amma wanda ya ƙi jinin rufe iyakar ECOWAS bai kamata ya yi shiru a kan gadar Gaya ba, don cikin da yunwa ta kama bai san wanda ya rufe ƙofar ba. Tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sun je Yamai a watan Yuni neman sulhu. Allah ya sa a saurare su, don ko bututun man da ya taso daga Agadem a Nijar zuwa tashar Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2000, wannan rikicin ya taɓa shi.

Wani ɗan kabu-kabu daga Zinder ya rubuto da zafi, ya ce kullum laifi muke nema, ba ma faɗin alherin sojoji. Haba ɗan'uwa, sassauta. Ga shi muna faɗa: a wannan watan gwamnati ta rage farashin litar fetur zuwa sefa 499, kuma tashar lantarki mai amfani da hasken rana ta Gorou Banda ta rage wa Yamai duhu. Mutane da yawa kuma sun yi farin ciki na gaske da ficewar sojojin Faransa a watan Disamba. Amma wasiƙarka rabinta zagi ce ga masu saurare 'yan'uwanka da suka saɓa maka, shi ya sa ban karanta ta duka ba. In za ka sake rubutowa, ka kawo hujja ka bar ashar.

Wani dattijo daga Garwa a Kamaru ya ce yaushe za a yi zaɓe? Baba, a watan Agustan bara Janar Tiani ya ce riƙon ƙwarya ba zai wuce shekara uku ba, ya kuma yi alkawarin taron ƙasa, amma har yau ba a sa ranar zaɓe ba, kuma ayyukan jam'iyyu a dakatar suke.

Ta ƙarshe daga Maigatari: mai shanu ne, yana tsoron in Nijar ta fita daga ECOWAS sai ya nemi biza kafin ya je kasuwa ƙetaren iyaka. Alhaji, Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairu, kuma dokar ƙungiyar ta ce sai bayan shekara guda ficewar ke tabbata. Saboda haka a yanzu ba a neman biza, ka dai riƙe katin shaidarka da takardun dabbobinka a aljihu.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya a kan sojojin Amurka da ke Agadez da kuma ma'adinin yuraniyom na Imouraren, wasiƙunku na hannunmu, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.