Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da ta cewa in za a sauya dokokin bulokcen?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku.

Wasiƙar farko ta fito daga wani ɗalibin kwamfuta a Kaura Namoda. Ya ce ya ji ana cewa yarjejeniya mai aiwatar da kanta, wato ƙaramar manhaja, in an ɗora ta a kan Ethereum, wani bulokcen (kundin bayanai da kwamfutoci da yawa ke riƙe da shi tare), ba ta sauyuwa, to me ya sa kuma ake ta maganar sabunta tsarin, kuma wa ke yanke hukunci?

Malam, tambayarka ta yi ma'ana. Rubutun yarjejeniyar yana nan yadda aka ɗora shi. Abin da ake taɓawa shi ne dokokin da take gudana a kansu, musamman kuɗin gas, wato ma'aunin ladan aikin da kowane umarni ke ci. Kamar a sauya girman tiya ne a kasuwar Jega bayan an ƙulla cinikin shinkafa: ba a taɓa maganar da aka yi ba, amma wani zai kwana ciki.

Mai son a yi gyara yakan rubuta shawara da ake kira EIP, a baje ta a fili, masu rubuta manhaja su tafka muhawara, a gwada ta a kan tsarin gwaji, sannan masu riƙe da kwamfutocin tsarin su sabunta nasu in sun yarda. Babu wani shugaba guda da zai buga tebur.

Ga abin da ya faru a Janairun 2019. An shirya wata sabuntawar Ethereum mai suna Constantinople, cikinta akwai EIP-1283 da zai rage kuɗin ajiye bayanai. Ana saura kaɗan a ƙaddamar, kamfanin ChainSecurity na ƙasar Suwizalan ya gano cewa wannan rangwame zai buɗe wa ɓarayi ƙofa a wasu tsofaffin yarjejeniyoyi, su riƙa maimaita cire kuɗi kafin a rufe lissafi. Irin wannan ɓaraka ce ta sa aka kwashe Ether, kuɗin Ethereum, kusan miliyan 3.6 daga The DAO, wani asusun zuba jari na haɗin gwiwa, a 2016. Nan take aka ɗage Constantinople, aka cire EIP-1283, sai 28 ga Fabrairu aka ƙaddamar. Ni dai a ganina wannan jinkiri alheri ne, domin kuɗin mutane ne a ciki.

Amma ba kullum ake biye wa masu koke ba. A Disamban 2019, EIP-1884 ya ɗaga kuɗin karanta ajiyayyen bayani daga gas 200 zuwa 800, ko da yake masu Aragon, wani dandalin kafa ƙungiyoyi a kan Ethereum, sun yi gargaɗin cewa ɗaruruwan yarjejeniyoyinsu za su samu matsala. An auna, aka ga kare tsarin daga masu cunkusa shi ya fi nauyi.

Wata baiwar Allah daga Birnin Kebbi, mai koyon Solidity, yaren rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, ta tambaya ko za a saurari irinta. Malama, za a saurare ki, in kin zo da hujja. Ɗora yarjejeniyarki a kan Sepolia, tsarin gwaji na Ethereum, inda Ether ɗin gwaji ba na kuɗi ba ne, ki ga yadda sabon gyaran ya shafe ta, ki rubuta abin da ya karye dalla-dalla. Kuma kada ki gina aikinki a kan zaton cewa kuɗin gas na yau zai dawwama.